Wa Ya Yanka Rufin Motar Amarya?

Bayan sallar Juma'a Alhaji Suleiman dillalin shanu ya faɗo ofishin 'yan sanda a Maiduguri, direbansa na biye yana riƙe da wuyan rigar wani mutum.

"Ga ɓarawon na kawo muku har gida," in ji shi.

Sufeto Ajimi ba ya ƙaunar a gama masa aikinsa kafin ya fara. Ya ce a saki rigar, kowa ya zauna.

Alhaji yana da tsohuwar marsandi mai rufin tamfol da ake naɗewa baya, ita za ta ɗauki 'yarsa amarya gobe. Rufin ya tsufa, ya kai wa wannan mutumin, Boniface mai ɗinkin kujerun mota a unguwar Dala, ya sa sabo. Jiya aka dawo da ita. Yau da safe Alhaji ya karɓo gwal ɗin amarya, ya kulle a aljihun motar, ya tafi masallaci. Yana dawowa ya tarar an yanka rufin, gwal ya yi ƙafa.

"Makulli ɗaya yana wurinsa har yanzu," in ji Alhaji.

Boniface ya share gumi. "Oga, mantawa na yi. Shekara ashirin da biyu ina garin nan. In aka ce ni ɓarawo ne, wa zai sake kawo min mota?"

"Mai makulli me zai yi da wuƙa?" Sufeto ya tambayi Alhaji.



Suka tafi gidan Alhaji a Umarari. Motar tana tsakar gida, an fafe rufin ta baya, faɗin faranti. Sufeto ya shafa bakin yankan. Zaren ya karkata waje.

"Daga ciki aka yanka. Kuma ɓarawo tsagawa yake ya zura hannu, ba ya tsayawa yanka da'ira kamar mai faifai. Ina guntun?"

Babu wanda ya gan shi. Sufeto ya dubi Boniface. "Yaya kake sa rufin nan?"

Boniface ya nuna rufin. "Na cire tsoho, na kankare ƙarfe, na shafa gam, na ja sabo ya miƙe. Na gaya musu kwana uku kar a naɗe shi, kuma kar wuta ta zo kusa. Gam ɗin nan kamar fetur yake."

Sufeto ya zura kai cikin motar, ya ja numfashi. Warin gam yana nan, amma a samansa akwai ƙamshin da duk wanda ya tashi a Maiduguri ya sani. Can baya, a kan katakon bayan kujera, ga zoben toka.

"Wa ke turara amarya?"

"Ƙanwata Yakaka," in ji Alhaji.

Hajiya Yakaka ta fito tana gyara lafaya.

"Hajiya, kin je wajen motar yau?"

"Ni? Tun safe ina ɗaki da amarya."

"Kaskon turare nawa gare ki?"

"Biyu."

"A kawo su."

Ɗaya aka samu a ɗaki. Ɗayan yana bayan randa, baƙin abu ya narke ya manne a bakinsa. Boniface ya ɓantaro ya shinshina.

"Tamfol ɗina ne."

Hajiya ta zauna a ƙasa.

"Yaya, wallahi ba sata na yi niyya ba. Yaya za a yi amarya ta sha turare wata guda, a sa ta a mota mai warin gam, dangin miji su ji? Da kuka tafi masallaci na ɗauki makullinka na sa kasko na rufe. Ina dawowa rufin ya kama. Na san halinka a kan motar nan. Sai na yanke wurin, na ɗauke gwal ɗin don a ce ɓarayi ne."

"Kina kallo aka je aka shaƙo wannan bawan Allah?" Sufeto ya tambaya.

Ta sunkuyar da kai.

A cikin tulun turare aka zaro gwal ɗin, ko ɗan kunne bai ɓata ba. Alhaji ya yi ajiyar zuciya har sau biyu, ya ce magana ta zama ta gida, a bar ta.

"Ta gida ce kafin ka kawo min ita," in ji Sufeto. "Hajiya, mu je ki ba da bayani."

Kofur mace ta raka ta zuwa motar 'yan sanda.

Alhaji ya tsaya gaban Boniface, kunya ta hana shi ɗaga ido. "Ka yafe min."

Farin ciki ya kama Boniface. Ya laluba aljihu ya fito da tef ɗin awo, ya ɗora a kan ramin.

"Alhaji, ƙarfe nawa ne ɗaukar amarya gobe?"