Ranar da Inna Ta Yar da Ɗanta

Inna, yau kwana arba'in da muka raka ki makwanci. Har yanzu in na dawo daga kasuwa, a bakin hanya nake kashe babur in turo shi, don kada ƙarar ta tashe ki. Zan ba da labarinmu kamar na wasu ne, domin in na ce "ni", alƙalamin ba ya tafiya.

*

Inna Sarmi tana suyar tempe, wainar waken soya ta mutanen tsibirin Jawa, a madafa, ɗanta tilo Gunadi yana tsugune a bakin ƙofa, shayinsa ya huce tun ɗazu.

"Ni fa ban ce yarinyar ba ta da hali ba," in ji Inna. "Gidan ubanta ne ya zauna inda bai kamata ba. Tsaya a ƙofarmu ka nuna garinsu da yatsa. Ina ne?"

"Arewa maso yamma."

"To. Haka ake kwantar da gawa, kai arewa, fuska yamma wajen alƙiblarmu. Mutumin Jawa ba ya ɗauko amarya ta can."

"Sai in ce wa babanta ya ciccibi gidan ya matsa kudu?"

"Ka ce masa mana, tunda bakinka ya yi kaifi."

Yarinyar ita ce Ningrum, 'yar birni da ta zo aikin sa kai a firamaren ƙauyen, can saman tudu inda malaman gwamnati ba sa daɗewa. Karatu ta zo koyarwa, amma ƙauyen bai san iyaka ba. Ita ce mai cike fom, mai gyaran waya, mai auna jarirai ranar awo, alƙaliyar gasar girki, har akuya in ta ƙi cin ciyawa sai a ce a kira Malama. Gunadi, wanda ya bar makaranta a aji biyar yana dakon kabeji, shi yake hauro mata da kwalayen littattafai a babur. A kan wannan hanya mai santsi abin ya soma.

"Ai akwai mafita, Inna, kin sani," ya ce. "Ki yar da ni a mararraba, wani gida ya tsince ni. Sai a auna kusurwar daga gidansu."

Inna ta ajiye cokali. "Na binne ubanka, sannan in buɗe bakina in ce na yar da kai? Ko da wasa ba zan faɗa ba. Kuma saboda wa? Masu sa kai ɗin nan na san su. Su zo su shafa wa bango fenti, su ɗau hoto da yaranmu, shekara ta zagayo mota ta kwashe su."

Shekara ta zagayo, mota ta zo, ta kwashe abokan aikinta uku. Ningrum ta tsaya a bakin makaranta tana ɗaga musu hannu.

"'Yan aji uku ba su iya haɗa baƙi ba tukuna," shi ne kawai abin da ta ce.

Shekara ta biyu ta fi ci wa Gunadi rai. Inna da kanta take kai wa Ningrum takardun maganin hawan jini ta karanta mata. Ningrum ke raka ta asibiti, ita ke bin layi. Inna ta dawo tana yabo: "Yarinyar nan hannunta da sanyi." Da ya buɗe baki sai ta nuna masa arewa maso yamma da haɓa.

Ran nan ya sami Ningrum a aji tana tara bokitai ƙarƙashin rufin da ke yoyo.

"Na gaji," ya ce. "Mu sauka birni, a ɗaura a ofishin aure, mu dawo da satifiket. In ta gani a rubuce za ta haƙura."

"Wa zai karanta mata? Ni?"

"Ba wasa nake ba, Ningrum."

"Ni ma haka, Yaya Gun. Kullum ina gaya wa yaran nan su sumbaci hannun iyayensu kafin su fito. Gobe in shigo aji na sace ɗan wata, da wane ido zan kalle su? Ni ma na gaji — kana jin ina jin daɗin wannan bokitin ne? Riƙe min."

Ya riƙe, yana huci, ruwa na ɗiga masa a wuya.

Sai ga baban Ningrum ya hauro tudu da kansa. Ya samar mata aiki mai albashi a birni, kuma ya yi magana ɗaya: ƙarshen zango, in babu maganar aure, ta tattara kayanta. Ningrum ta yi kuka a bayan makaranta, ta wanke fuska, ta koma ta ci gaba da darasin lissafi.

Labari ya isa madafar biki, inda matan ƙauye suke taron girki. Kaka Painem, wadda jikokinta biyar suka koyi karatu a hannun Ningrum, ta ajiye wuƙa ta dubi Inna Sarmi.

"Sarmi, kin ce masu tafiya ne. Shekara biyu ga ta nan. Yanzu ke ce za ki kore ta."

"Ba zan yar da ɗana ba."

"Yar da shi, ni zan tsinta. Gidana yana arewa da ubanta ma in an so."

"Ƙarya kike, Kaka, gidanki yana bayan nawa."

"To ni zan tsinta," in ji wata. "Ni ce a gabas."

Kafin a sauke shinkafa, mata bakwai suna faɗa a kan wa za ta ɗauki ƙaton saurayi. Inna ta ci gaba da yanka albasa, ta ce ita ce ta sa ta hawaye.

Da safiyar Laraba ta kama hannun Gunadi har mararraba. Ta zaunar da shi a kan tabarma, ta juya baya ta ce: "Ba na so. Na yar."

Wata Inna Tukiyem daga gabashin gari ta yafa masa zane ta ce, "Kai, na tsinci ɗa. Amma wannan zai ci shinkafa."

Inna ba ta yi taku goma ba ta juyo. "Tukiyem, aro ne fa. Da la'asar ki dawo min da abuna."

Aka ɗaura aure daga gidan Tukiyem, 'yan makaranta suka cika rumfa har manya suka rasa kujera.

*

Wata huɗu kika yi da surukarki, Inna. Da jikin ya yi tsanani kin ji ana raɗe-raɗin wai kusurwar ce ta jawo, kika tara mutane kika ce, "Ciwona ya girmi auren nan, ku tambayi mai karanta min takardu. Kwana ne ya ƙare, kada wanda ya ɗora wa yarana."

Da mun gudu ranar bokiti, da wa zai sauke mana wannan kayan? Abin da na koya ke nan, ku masu tasowa: soyayyar da ta jira yardar uwa takan gaji, takan yi kuka, amma ba ta kwana da nadama. Wanda kuma ya yi wa mutane hidima don Allah, ranar da ya rasa bakin magana su za su yi masa.

Rufin ajin yana nan yana yoyo, ni ne mai bokiti. Ningrum kuma kwana biyu warin suyar tempe na tayar mata da zuciya. Jiya muka dawo daga awo, wata biyu ne.

Ke na fara gaya wa, Inna. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.