Gidan Zanzaro a Bayan Fenti

Da hantsi aka shigo da Yohanna mai fenti caji ofis, leɓensa a fashe, rigarsa a yage. Matasan layi ne suka fara yi masa shari'a kafin su tuna akwai hukuma. A bayansu ga Hajiya Mas'uda, mai gidan da aka yi wa satar, tana huci.

"Yallaɓai, mukulli na ba mutumin nan ya yi min fenti, zan sa ɗan haya. Ya zare wayar wutar gidan kaf! Ɗan hayan ya tare jiya, ko ƙwai ɗaya bai kama ba. A rufe shi. Kuma ba na son sulhu, ko waye ya zo roƙo."

"Kun gan shi yana zarewa, Hajiya?" in ji Sufeto Usaini.

"Mai waldan da ke kallon gidan ya gan shi ran Lahadi yana fita da kaya a buhu."

Sufeto Usaini ba ya son a kawo masa ɓarawo an riga an gama da shi. Ya dubi Yohanna, ya dubi matarsa Ladidi da ta tsaya a bakin ƙofa ba takalmi. Ya san abin da ke gabansu ya wuce kwana a bayan kanta. Mai fenti da amana yake ci, ranar da aka daina miƙa masa mukulli ranar sana'arsa ta mutu.

"A ba shi ruwa ya wanke baki," ya ce wa Kofur Hadiza. "Mu je mu ga gidan."

Gidan yana Sharada, bayan wani kamfanin roba. Daga waje sai ƙyalli yake kamar ango. Daga ciki kuwa, Allah Ya jiƙan aiki. Yohanna irin masu fentin nan ne da in ka tsaya kusa da bango kai ma sai ka sha hawa ɗaya. Ya shafe makunni, ya shafe soket, ya shafe hannun ƙofa, har wani ƙusa da aka manta a bango bai tsira ba.

Ɗan hayan, Malam Sagir, yana zaune a kan katifarsa yana fifita da kwali.

"Da kuka zo duba gida, ba ku kunna wuta ba?"

"Na kunna, Yallaɓai. Dillali Gwadabe ya ce an ɗauke. Na sake zuwa, ya ce an ɗauke. To, a Kano wa zai yi musun wannan?"

Sufeto ya durƙusa gaban wani soket. Fenti ya bushe a kan sukurorin, ya liƙe gefen da bango, ko tsaga babu. Ya zaga ɗaki ɗaki, duk haka suke. Ya zaro 'yar wuƙa ya yanka fentin, ya kwance soket ɗin.

Babu waya, sai wani guntun da aka datse. Amma a bakin bututun da wayar ke bi akwai dunƙulen laka busasshe, da 'yan ramuka a jiki.

"Kofur, mene ne wannan?"

"Gidan zanzaro, Yallaɓai."

"Ya gina, ya yi ƙwai, 'ya'yan sun fasa sun tafi. Ta ina ya shiga, soket a rufe? Kuma ta yaya zai toshe bututu da waya a ciki?" Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "An daɗe da zare wayar nan, aka bar soket a buɗe. Daga baya aka zo aka mayar. Yohanna kuwa makon jiya aka ba shi mukulli."

Suka koma ofis. Sufeto ya ja kujera ya zauna gaban Yohanna.

"Ran Lahadi ina kake?"

"Coci, Yallaɓai. Daga can sai gida."

"Mai walda makaho ne?"

Yohanna ya sunkuyar da kai. "Na je da yamma. Ragowar fenti na ɗauka, rabin bokiti. Ladidi ta daɗe tana cewa ina gyara gidan kowa, ɗakinmu kamar kicin. Na sa a buhu don kunya."

"Ƙaryar nan ta fi rabin bokitin tsada. Wane bango ne ya fi ba ka wahala a gidan?"

Yohanna ya yi mamakin tambayar. "Na bayan gida, kusa da bishiyar gwaiba. Baƙin hayaƙi ne a jiki, in na shafa sai ya leƙo. Mubarak, ɗan Hajiya, ya tsaya a kaina sai da na yi ta maimaitawa. Ya ce tsofaffin 'yan haya ne ke girki a wurin."

Sufeto ya samu Dillali Gwadabe a rumfarsa yana cin gurasa, mukullai a rataye a wuyansa kamar carbi.

"Ranka ya daɗe, ai gidan nan lafiya lau na karɓe shi. Da hannuna na kunna fanka."

"A gaban Malam Sagir?"

"A'a, ranar an ɗauke wuta."

"Mai waldan da ke kallon gidan layin wutarsu ɗaya, kuma ba shi da janareta. Ya ce duk zuwan da kuka yi yana kan aiki, har kun yi masa sannu. Da me yake walda, Malam Gwadabe? Da yawu?"

Gurasar ta tsaya wa Gwadabe a maƙogwaro. Ya kora da ruwa, ya rage murya.

"Gaskiya, Yallaɓai, tun zuwana na farko na tarar da soket duk a zazzage. Na yi wa Mubarak magana, shi ke riƙe da mukulli tun fitar tsofaffin 'yan haya. Ya ce gyara yake, ai aikin wuta yake yi a wani kamfanin fata a Challawa. Da na dawo na ga an mayar. Na kunna, shiru. Na ce bari dai a shafa fenti a shiga, in an shiga sai a san yadda za a yi."

"Kuna kallo aka fasa wa bawan Allah baki, kuka yi shiru."

"Ranka ya daɗe, dillali ba ya ɓata ciniki."

"Za ku faɗa wa alƙali haka. Ku taso."

Sufeto ya aiki Kofur Hadiza Challawa, shi kuma ya koma gidan. A bayan gida ganyen gwaibar na ɓangaren bango duk ya ƙone, an kuma baza sabon yashi a gindinta. Ya tona da takalmi. Sai ga narkakkiyar roba, ja da baƙa da kore. Mai girki ba ya dafa roba. Mai son jan ƙarfen da ke cikin waya shi ke ƙona ta.

Bayan la'asar ya sa aka kira Hajiya Mas'uda da ɗanta. Mubarak ya zo da rigar kamfani a goge, har da katin aiki a wuya.

"Daga aiki kake?"

"Eh, Yallaɓai. Aikin safe nake wannan makon."

"Miƙo hannunka."

A bayan hannun akwai ɗigo ɗigon tabon ƙuna.

"Salansar babur ce," Hajiya ta yi caraf ta amsa. "Ni na shafa masa magani."

"Hajiya, salansa a ƙwauri take cin mutum, kuma shafe take yi, ba ɗigo ba. Wannan roba ce ta narke ta ɗiga." Ya zube abin da ya tono a kan tebur. "Kofur, me suka ce a Challawa?"

"Sun rage ma'aikata tun kafin azumi, Yallaɓai. Da shi a ciki."

Hajiya ta juya ta dubi ɗanta. "Ƙarya ne. Kullum da safe yake fita. Ƙarshen wata ya kawo min shinkafa da mai. Mubarak, gaya musu."

Mubarak bai ɗago ba. Sufeto bai matsa masa ba, ya san bango ya riga ya tsage, jira kawai ya rage.

"Umma, ban iya gaya miki ba," ya ce da ƙyar. "Kina ta faɗa wa mutane ɗanki injiniya ne. Sai in saka riga in tafi gidan in zauna har a tashi daga aiki. Da wata ya ƙare ban da abin kawowa, sai na zare ta ɗaki ɗaya, na kai wa 'yan gwangwan. Na ce in na samu aiki zan mayar. Wani watan na zare ta falo."

"Shinkafar da na ci..." in ji Hajiya.

"Rashin aiki ba laifi ba ne," in ji Sufeto, kuma a nan ne ransa ya ɓaci sosai. "Rabin layinku an sallame su. Amma kana tsaye aka tara wa mutumin nan jama'a. Mai walda ya ce har da kai a masu riƙe masa hannu."

Mubarak ya fashe da kuka. Kofur Hadiza ta sa masa ankwa.

Hajiya ta miƙe. "Yallaɓai, ɗana ne. Kayana ne. Na yafe, a yi sulhu."

"Da safe kun ce ko waye ya zo roƙo, Hajiya. Wayar taku ce, wannan kwa yi bayani a gaba. Amma leɓen Yohanna ba naku ba ne."

Aka wuce da Mubarak ciki, aka fito da Yohanna. Ladidi ta kama hannunsa ta riƙe gam. Hajiya ta tsaya a gabansa, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Malam Yohanna, na zalunce ka. Me zan ba ka?"

Yohanna ya taɓa leɓensa. "Ba na son komai, Hajiya. In an gama sa waya za a ɓata bango, dole a sake fenti. Ku ba ni mukullin. Amma a ƙofar gida, da rana, a gaban mai walda da yaran nan."

Hajiya ta kwance bakin mayafinta, ta ciro mukullin ta riƙe a hannu. "Mu je yanzu, kafin su watse."

Sufeto Usaini ya raka su har bakin titi.

"Yohanna," ya ce, "wannan karon ka rufe soket da takarda kafin ka shafa."

"Yallaɓai, ai shafawar ce ta sa kuka duba."

Sufeto ya juya ga titi. Ya tsayar musu da adaidaita, Hajiya ta matsa ta ba Ladidi wuri.