Kaska Ɗari da Ashirin

Ranar Litinin da safe asibiti ya dawo da ƙunshin zannuwan gado goma sha biyu, haɗe da takarda mai zafi. Manaja ya baje su a kan teburin ninki, a gaban duk ma'aikatan gidan wankin. Zannuwan sun sha jiki, wasu har ana hango hannu ta cikinsu. Ya ɗauko na'urar hannu ya gifta a kan na farko. Na'urar ta ce sabo ne, watansa biyu da saye, wanki huɗu kawai ya sha.

Kowane zanen gado a gidan yana da 'yar alama kamar maɓallin riga, ɗinke cikin ɗan aljihu a kusurwa. Ma'aikata suna kiranta kaska, don idan ta kama ba ta saki. Ba ta da batir. Idan ta zo kusa da na'ura, sai siginar rediyo ta tashe ta, ta faɗi lambarta. Akwai na'ura a bakin kowace ƙofa, kuma da haka kwamfuta take sanin inda zane yake da sau nawa aka wanke shi.

Kafin ƙarfe goma an gama bin kaya. Sababbin zannuwa ɗari da ashirin aka saya, kaskarsu duka tana amsawa, amma kowacce a jikin tsumma take. Sababbin sun yi layar zana.

Manaja bai yi dogon tunani ba. Mutum ɗaya ce take ɗinka kaska a gidan nan, Inna mai ɗinki, shekara goma sha tara tana kan keke ɗaya. Ya kira ta tsakiyar fili, ya ce ita ce ɓarauniyar, ya miƙa mata takarda. Ko ta sa hannu ta amsa laifi ta tafi gida shiru, ko ta kwana a hannun 'yan sanda.

Inna ta mayar da hannuwanta baya.

"Ranka ya daɗe, ban ɗauka ba, ba kuwa zan sa hannu ba. Kira su."

Ɗanta yana kan babban injin wanki yana ji. Barkono ake ce masa, kuma sunan ya bi jiki. Aji uku na sakandare ya bar makaranta, wuraren aiki uku ya bari bayan cacar baki da masu gida. Nan ne kawai ya yi shekara biyu, shi ma don Inna ta tsaya masa. Ya goge hannu a wando ya sauko.

Sajen da aka turo dattijo ne mai ciwon gwiwa. Ya faɗa ba kunya cewa shi bai gane kan wannan kaska ba. Barkono ya ce zai yi masa bayani idan aka bar shi ya zauna wurin tambayoyi. Manaja ya ce ɗan wadda ake zargi ba ya zama alƙali. Saje ya ce ba alƙali yake nema ba, mai bayani yake nema, kuma motarsa za ta dawo ƙarfe huɗu. Idan har lokacin ba a samu wani mai laifin ba, da Inna zai tafi.

Da Inna aka fara. Saje ya ba ta ɗaya daga cikin zannuwan. Ta sa tabarau ta juya kusurwar, sai ta yi tsaki. Gefe uku na aljihun ɗinkinta ne, in ji ta, shekaru da suka wuce. Na huɗun ba nata ba ne. Ta kama bakin zaren da farce ta ja sau ɗaya, ɗinkin ya warware tun daga farko har ƙarshe, kaskar ta faɗo ƙasa.

"Wannan ɗinkin buhu ne, Yallaɓai. Ni in na ɗinka, sai da reza."

Manaja ya ce ai ɓarawo yana iya sauya hannu. Barkono ya kai Saje ƙofar fitar da kaya, ya nuna masa injin ɗinke bakin buhu rataye a ƙusa. Mutum biyu ke amfani da shi, direba da Baba mai sito.

Direba ya zo yana huci. Ya ce shi ko maɓallin rigarsa matarsa ke mayar masa. Yana ɗinke buhun kayan da aka riga aka ƙirga, ya loda, ya tafi. Saje ya tambaye shi ko yana da makullin ɗakin tsummoki, inda ake tara zannuwan da suka gama aiki.

"Ni? Ko leƙe ban taɓa yi ba."

Barkono ya ce wa Saje maganar direba tana kan hanya. Wanda ya yi wannan aiki sai da ya haɗa sabon zane da tsoho a wuri ɗaya, direba kuwa ba shi da hanyar tsofaffi. Saje ya sallame shi.

Sai mai kwamfuta, wata budurwa mai yawan shiru. Saje ya ce ita ta fi kowa sanin kaska, don haka ita ta fi kowa iya wasa da ita. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Da ni ce, me zai kai ni ɗinki? Lamba kawai zan sauya daga kan kujerata."

Ta buɗe tarihin ƙofofi. Tun ranar da Inna ta ɗinka sababbin kaskan, ko ɗaya ba ta sake ƙetare ƙofar ɗakin ɗinki ba. Manaja ya ce ana iya zuba su a gwangwani, ai na'ura ba ta ji ta cikin ƙarfe. Mai kwamfuta ta ce haka ne. Ƙarfe biyu ta wuce.

Baba mai sito ya shigo da sallama, yana jan carbin makullai. Mutum ne mai laushin baki, kowa ɗansa ne ko ƙanwarsa. An san shi da abu ɗaya: ba ya yar da komai. Lanƙwasasshiyar ƙusa, guntun igiya, murfin kwalba, duk yana da inda yake adana su, har ana tsokanarsa cewa ko ƙurar da aka share sai ya tambayi inda za a kai ta. Ya ce sababbin zannuwa suna kwana a sitonsa tsakanin wanki da wanki, gaskiya ne. Tsummoki kuma duk wata yake ɗaure su a dila, mai sayen tsumma ya zo ya kwashe, kuma ƙirgen bai taɓa raguwa ko da ɗaya ba. Ya juya wajen Inna ya ce, ƙanwata ki yi haƙuri ki sa hannu, rufin asiri ya fi.

"Makulli nawa ɗakin tsummoki yake da shi?" in ji Barkono.

"Biyu, ɗana. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Manaja."

"To, Yallaɓai, rubuta Manaja shi ma."

Manaja ya miƙe tsaye. Ya ce daga yau Barkono ba ma'aikacinsa ba ne. Barkono ya ce ya ji, amma sai ƙarfe huɗu korar za ta fara aiki.

Ya ɗauki kaskar da ta faɗo ɗazu, yana juya ta a tafin hannu. A da can, kowane tsumman nan yana da tasa kaskar. Idan zane ya gama aiki, mai kwamfuta tana goge lambarsa, a ce an kashe kaskar, ta bi tsumman zuwa dila. Amma yanzu a kowane aljihu guda ɗaya ce tak, sabuwa. Wani ya zare tsohuwa ya sa sabuwa, sau ɗari da ashirin.

"Ina tsofaffin?" ya tambaya.

Baba ya yi dariya, ya ce matattun kaska wa zai neme su, ai sun zama maɓalli.

Barkono ya san ba haka ba ne. Bara wata tsohuwar kaska ta maƙale a matatar injinsa, kuma duk lokacin da aka kunna na'urar hannu a kusa sai ta yi ƙara. Mai kwamfuta ta gaji, ta saita na'urar ta riƙa yin kunnen uwar shegu da duk lambar da aka goge. Kaska ba ta mutuwa, kwamfuta ce kawai take daina kula ta. Ya roƙi mai kwamfuta ta cire wannan saitin. Manaja ya ce kada wanda ya taɓa kayan kamfani. Ta dubi Manaja, ta dubi Inna, ta danna maɓalli uku ta miƙa wa Barkono na'urar.

Ɗakin Inna ya fara shiga, don kada a ce ya yi son kai. Ya bi keke, ya bi kwandon ƙyalle, ya bi jakarta. Shiru. Ya shiga motar direba, shiru. Ya tsaya a ƙofar ofishin Manaja har sai da Saje ya ce a buɗe. Nan ma shiru.

A sito, tun daga bakin ƙofa na'urar ta fara ƙara. Ya bi ƙarar har teburin Baba, aljihun ƙasa. Saje ya ce a buɗe. Baba ya ce makullin ya ɓata, Saje ya ce to a kawo guduma, sai makullin ya fito. A ciki akwai robobi jere, ta ƙusa, ta murafe, ta maɓallai. Saje ya juye ta maɓallan a kan tebur. Mai kwamfuta ta duba na'urar: lamba ɗari da ashirin, duk na zannuwan da ta goge cikin wata biyun nan.

Barkono ya yi wa Saje bayani a tsaye. Baba yana ɗaukar sabon zane daga sito, ya zare kaskarsa, ya kai ta jikin tsumma, ya rufe aljihun da injin buhu. Tsumman ya koma layi da sunan sabo. Sabon kuma, tunda ba kaska a jikinsa, ya shiga dila a matsayin tsumma, ya fita ta babbar ƙofa ba tare da na'ura ta ce uffan ba. Shi ya sa ƙirge bai taɓa raguwa ba. Da ya zubar da tsofaffin kaskan a kwata, da babu mai kama shi. Amma ya ɗauka sun mutu, kuma hannunsa bai iya yar da abu ba.

Baba ya zauna a kan buhu. Saje ya tambaye shi wane ne mai sayen tsumman. Ya ce surukinsa ne.

Ƙarfe huɗu saura kwata mota ta zo, ta tafi da Baba. Manaja ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Ya tarar da Inna a ƙofar ɗakinta, ya ce a hankali ta koma bakin aiki, an samu kuskure, ɗanta ma ya koma kan injinsa.

Inna ba ta motsa ba.

"A tsakiyar fili ka ce ni ɓarauniya ce, ranka ya daɗe. Can za ka je ka janye."

Ya yi ta 'yan dube-dube, sannan ya tako zuwa teburin ninki. Masu guga da masu ninki suka tsaya da aiki. Ya yi magana, amma rugugin injina ya haɗiye ta. Inna ta kara hannu a kunne.

Barkono ya haura wurin babban makunni ya sauke shi. Injin wanki ya tsaya, na busarwa ya tsaya, na guga ya tsaya. Gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga famfo.

"Yanzu maimaita," in ji Inna.