Gawar da Aka Yi wa Ina Kwana

Sai bayan azahar aka kira ofishin 'yan sanda, alhali tun sassafe mutumin yake kwance. Wannan ne ya fara ɓata wa Sufeto rai, tun motarsu ba ta gama hawan dutsen ba.

Garin na masu zuwa shan iska ne, amma lokacin baƙi ya wuce. Shaguna a rufe, kujeru a kife kan tebura, gajimare ya sauko har yana shafar gilashin mota. Otal ɗin da abin ya faru yana can ƙarshen hanya, ɗakuna birjik, babu motsin kowa.

Gawar tana cikin tafkin ninƙaya na bayan otal, wanda aka kwashe ruwansa saboda sanyi. Dattijo ne, kwance rigingine, ƙafafu a miƙe, gefen kansa a fashe.

"Ka gan shi da safe?" Sufeto ya tambayi manajan otal.

"Na gan shi, yallaɓai. Har ina kwana na yi masa."

"Gawa ka gaisar?"

"Ai kullum gawa ne."

Sufeto ya kalle shi ta saman tabarau har sai da manaja ya yi bayani. Mamacin marubucin littattafan kisan kai ne. Duk shekara, in baƙi sun watse, sai ya zo da matarsa da ƙanensa da ake kira Auta. Auta ke ƙulla yadda za a kashe mutum a labari, yayan ya rubuta. Kuma ba sa sa kisa a littafi sai sun gwada shi da jikinsu, yayan ne gawa.

"Mun tsince shi a matakala, mun tsince shi a ɗakin ajiya, da jan tawada a wuya. In ka yi magana ya ce ka ɓata masa aiki. Yau ma mai shara ta share gefensa ta wuce. Sai da tsuntsu ya sauka a ƙirjinsa bai motsa ba."

Sufeto bai ji daɗin wannan bayani ba.

Sajan da ya rako Sufeto ya sauka cikin tafkin yana ta murna kamar ya tsinci dami a kala. Ga ɗan kunnen mace a dunƙule a hannun mamacin. Ga agogo a fashe. Ga guntun sigari irin wanda manaja ke sha. Sufeto ya durƙusa ya laluba aljihun ƙirjin mamacin. Tabarau ne a ciki, a naɗe, an lulluɓe shi da hankici, ko tsagewa bai yi ba.

Matar mamacin tana zaune a ɗakin cin abinci, ita kaɗai cikin tarin kujeru. Sufeto ya nuna mata ɗan kunnen.

"Hajiya, naki ne wannan?"

"Nawa ne. Ya kwana biyu da ɓata."

"Kun yi faɗa da maigida jiya?"

"Ba mu yi ba."

"Manaja ya ji muryarki tun daga ƙasa."

Ta sunkuyar da kai. "Mun yi. Na ce na gaji da ganin mijina a mace. Ya ce in yi haƙuri, wannan ne littafin ƙarshe, har ya gaya wa Auta."

"In zai kwanta gwajin nan, yana cire tabarau?"

"Shi? Da shi yake barci in ban cire masa ba."

Sajan ya matso ya raɗa masa cewa shugabansu ya bugo waya. A sauko da matar kafin gajimare ya rufe hanya. Biri ya yi kama da mutum, ita ta turo shi cikin tafkin: ga faɗa, ga ƙarya, ga ɗan kunne. Sufeto ya san in ta shiga motar nan, gobe kotu, daga nan sai gidan yari, ta tsufa tana jiran shari'a. Tausayinta ya kama shi, amma tausayi ba hujja ba ne. Ya ce a zaunar da ita a mota, a jira shi.

Auta yana ɗakinsa a saman bene, ya juya wa taga baya. Mutum ne siriri mai furfura a gemu, muryarsa a hankali kamar mai karanta wa yaro labari.

"Ina kake da safe?"

"Na hau dutse yawo. Ban ga gawar ba, yallaɓai, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Kun duba hannunsa? Yawanci a hannu ake samun abu."

"Yawanci a ina?"

Auta ya juya ya kalli taga.

Sufeto ya yi furfura a aikin nan, bai taɓa ganin gawa riƙe da ɗan kunne ba. Masu kisan da ya sani a rikice suke barin wuri, su bar takalmi, su bar hula. Wannan kuwa an jera wa ɗan sanda komai kamar kayan talla. Amma ba a ɗaure mutum don ya iya jera kaya.

"Ina son taimakonka," in ji Sufeto. "Ka nuna mini yadda kuke gwajin nan. Ni zan zama gawa."

An riga an ɗauke mamacin. Suka sauka cikin tafkin, gajimare ya cika shi har ba a ganin bakinsa sosai. Sufeto ya kwanta nesa kaɗan da jinin, sanyin siminti ya ratsa bayansa. Sajan yana tsaye a kan tsani, hannu a kan bindiga.

Auta ya fara a ɗarare, sannan aikin ya ja shi. Ya miƙe ƙafafun Sufeto, ya gyara masa kafaɗa, ya karkata masa kai.

"Rufe ido. Kar ka yi numfashi da ƙarfi."

Sufeto ya rufe. Ya ji yatsu masu sanyi a gefen fuskarsa. Aka zare masa tabarau a hankali, aka naɗe, aka zura masa a aljihun ƙirji, har da ɗan dafawa. Sabo turken wawa.

Ya buɗe ido. Auta yana durƙushe a kansa, yana kallon hannun nasa kamar na wani.

"Wanda aka turo daga sama da tabaraunsa yake faɗowa," in ji Sufeto daga kwance. "Yayanka da ƙafarsa ya sauko, ya kwanta maka. Wa ke cire masa tabarau in zai mutu?"

"Ya taɓa fasa ɗaya," Auta ya ce a hankali. "Ya yi mako bai rubuta komai ba. Tun daga nan ni nake cire masa."

"Sai me ya faru yau?"

"Ya ce ya gama, zai huta. Shi yana da suna a bangon littafi, yana da mata. Ni fa? Tun ina saurayi ban iya komai ba sai kashe masa mutane. Ya kwanta, ya rufe ido, ya ce, 'Yi sauri, Auta, sanyi nake ji.' Dutsen da nake yi kamar na buga masa yana hannuna, irin na kullum. Yau ne kawai ban tsayar da hannun ba."

Sajan ya sa masa ankwa ba tare da an ce masa ba.

A bakin mota suka haɗu, ana fito da ita, ana shigar da shi. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskarsa. Ba ta yi kuka ba.

"Auta, ni me na yi maka? Ni da nake ajiye maka abinci?"

"Ba komai, Anti. Ƙa'idar labari ce, matar ake fara zargi. A ƙarshe ai sakinta ake yi."

"A naka labarin, wa zai sake ni?"

Ya yi tunani da gaske, har da lumshe ido.

"Ban kai wurin ba tukuna," ya ce.

Sufeto ya rufe ƙofar motar da kansa, ya ce wa direba ya kunna fitila, ya sauka a hankali.