Dodon da Aka Zana Ba Igiya

A wani gari can da, an yi wani mai zana dodanni a katin da yara ke tarawa suna wasa. Ƙa'idar sana'ar ita ce a zana wa dodo igiya tukuna, sannan idanu.

Ran nan wani ɗan kasuwa mai sarin katin ya matsa masa: "Haba Malam, yara na jira! Dodon takarda ma sai an ɗaure?"

Mai zane ya ji kunya, ya ɗiga idanu ba igiya. Kafin ya wanke alƙalami, katin ya koma fari fat. Sawun tawada ya fita ƙofa, ya nufi inda 'yarsa ke wasa.

Nan take mai zane ya zana igiya a farin katin. Dodo ya dawo katin a ɗaure, riƙe da ɗan takalmi ƙafa ɗaya, wanda shi bai zana ba.