Shaida Na Biyu

"Riƙe murmushinki, Maeve, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba!"

Gina ce tsaye a gaban teburina a ofishin makarantar da nake aiki, ƙanwar Enzo, mutumin da na kusa aura. Shekara goma rabon da mu haɗa ido. Ta dire min wata takarda har biro ya yi tsalle.

"Huhun yayana ya kusa ƙarewa."

Na ɗauki takardar, ta ci gaba.

"Gwamnati ta buɗe wa waɗanda suka yi tono a ɓaraguzan tagwayen benayen da aka kai wa hari hanyar magani da diyya. Amma shi washegarin harin ya ajiye aiki, ya koma tono a matsayin ɗan sa-kai, sunansa ba ya cikin kowace rajista. Shaidu biyu suke so. Kyaftin ɗinsu ya sa hannu. Sauran ukun da suka yi tono tare da shi tarin nan ya riga ya kai su kabari. Saura mutum ɗaya."

"Baba..." na faɗa a hankali.

"Babanki. Wanda ko sunan Enzo ba ya son ji."

Ta fita ba sallama, ta bar ni da takarda da abin da na binne shekara goma.

Gidanmu na unguwar Rockaway gidan 'yan kwana-kwana ne. Baba ya yi ritaya, yayana Cormac ya gaje shi, tasharsu ɗaya da Enzo. A aikinsu idan uzuri ya taso maka, sai ɗan'uwanka ya karɓi ranarka, kai ma ka karɓi tasa wata rana. Ba mai tambayar dalili, kyaftin suna kawai yake sauyawa a allo.

Ni kuwa lokacin kan amarya ne da ni, ba ya ɗaukar komai sai biki. Na kafe sai ranar Talata za mu je duba zauren liyafa, wai Asabar akwai cunkoso. Enzo ya ce yana da aiki. Sai na zagaya ta bayansa na sami Cormac.

"Yaya, don Allah... rana ɗaya ce fa."

Ya ja min kunne yana dariya.

"Auta, ke masifa ce! Je ki, na karɓa."

Talatar nan ce jiragen suka daki benayen. Ni da Enzo muna tsaye muna gardamar launin labule, Cormac ya hau motar kashe gobara. Ko takalminsa ba a samu ba.

Ranar addu'a, gida cike da mutane, Baba ya nuna Enzo da yatsa.

"Kai ya kamata a ce kana cikin motar nan! Wa ya nemi canjin?"

Enzo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

"Ni ne, ranka ya daɗe," ya ce.

Bayan mako biyu na mayar masa da zobensa ta gidan waya. Ko hannu da hannu ban iya ba. Mai son sanin kamannin matsoraciya ya zo ya kalle ni.

Washegarin zuwan Gina na tsallaka unguwar Brooklyn, gidan mahaifiyar Enzo. Tsohuwar ta buɗe ƙofa, ƙanshin miyar tumatir ya biyo ta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna min ɗakinsa.

Yana zaune bakin taga, robar iska a hancinsa. Ƙaton nan da ke ɗaga ni da hannu ɗaya ya koma kamar sanda.

"Maeve tawa..." ya ce, sai tari ya sarƙe shi.

Na durƙusa a gabansa, hawaye ya ƙwace min.

"Kada ka kira ni haka, Enzo. Ban cancanta ba."

"To me zan kira ki? Malama? Har yanzu kina da rigimar labule?"

"Ba a ba ku abin rufe hanci ba ne?"

"An ba mu. Wata takwas yana rataye a wuyana." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ta yaya zan tsare numfashina, Cormac na ƙarƙashin ƙafata?"

"Zan gaya wa Baba gaskiya."

Ya damƙe hannuna, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"A'a! Ke kaɗai kika rage masa. Bar ni da kayana, na saba da su."

"Kayana ne, masoyi. Aro ka ɗauka."

Kalmar ta fita kafin in tare ta. Ya rufe ido, bai saki hannuna ba.

Kafin Lahadi labari ya riga ni isa gida. Gerard ne ya kai, mai kantin motocin nan da ya shekara shida yana zaryar nemana, yana kawo wa Baba taba da labarin ƙwallo. Bayan coci muka zauna cin abinci, naman sa da dankali da kabeji kamar kullum, shi ma ya baje a kujerarsa kamar gidan ubansa.

"Ai ba komai, Baba," ya ce yana yanka nama. "Tausayi ne irin na mata. Shi kuwa wancan ya ji ƙanshin diyya, dole ya tuna da tsofaffin ƙofofi."

"Gerard," na ce, "ɗauki hularka."

"Haba, sahibata..."

"Ka fita, na ce!"

Ya dubi Baba yana jiran ceto. Baba bai ɗago daga farantinsa ba. Gerard ya tashi yana gunaguni, ƙofa ta rufu.

Na ajiye takardar kusa da kofin Baba.

"Ba zan sa hannu ba," ya ce.

"Ka gan shi a wurin, ko ba ka gan shi ba?"

Baba ma wata takwas ya yi yana tono tare da sauran iyayen da ke neman 'ya'yansu. 

Na ajiye cokalina.

"Baba... ba Enzo ne ya nemi canjin ba. Ni ce. Ni na roƙi Yaya, saboda zauren biki. Enzo ya ce a'a, na bi ta bayansa. Ni na sa Cormac a motar nan, kuma na tsaya ina kallo ka tsine wa wani."

Na rufe fuska ina jiran abin da zai biyo baya.

"Na sani."

Na ɗago.

"Ranar Litinin Cormac ya kira ni. Ya ce, 'Baba, a ɗaga kamun kifin gobe, Auta ta saka ni aiki.' Yana ta dariya." Muryar Baba ta karye. "Na binne akwati babu kowa a ciki, Maeve. Da na dube ki na faɗi abin da na sani, da na rasa biyu. Sai na nemi wanda ba jinina ba na ɗora masa. Yaron ya karɓa. Kullum yana gefena yana tono da hannu, ban taɓa ce masa sannu ba."

Ashe mu biyu muka kwana shekara goma da abu ɗaya a gida ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Muka zauna muna kuka, abinci ya huce.

Ranar Laraba ya saka rigar cocinsa, muka tafi Brooklyn da matar da ke buga hatimin rantsuwa. Enzo ya yunƙura zai miƙe.

"Zauna!" Baba ya daka masa tsawa. Sannan ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya kasa dubansa. "Na zalunce ka, Enzo."

"Ranka ya daɗe, ai..."

"Na ce na zalunce ka. Kada ka taya ni."

Matar ta fara karanto wa Baba tambayoyi.

"Kwana nawa ka gan shi a wurin?"

"Kullum."

"Mene ne alaƙarka da mai neman?"

Baba ya dube ni. Na dubi Enzo, ya ɗaga min gira, na gyaɗa kai hawaye na zuba. Likita ya riga ya gaya mana huhun ba zai dawo ba, magani shekaru kawai zai ƙara. Ko shekara ɗaya ce ina so.

Baba ya karɓe biron daga hannun matar, ya rubuta da kansa da manyan baƙaƙe: SURUKINA NE.

Ya tura wa Enzo takardar.

"Na yi rantsuwa a takardar gwamnati, yaro. Sai ka daure ka kai ranar auren. Kada ka mai da ni maƙaryaci."