Bijimin da Baba Ya Shayar da Kwalba

Ranar da ta fara ganinsa, bijimin gonar mahaifinta ya lanƙwasa ƙofar garkensa karo na uku, aka kira mai walda. Yana durƙushe da baƙin gilashi a fuska, wuta na tartsatsi, ita kuma tana tsaye da allura a hannu, watanta biyu da gama karatun likitan dabbobi.

"Malam Tartsatsi, kar ka ba shi baya," ta ce.

Ya ɗaga gilashin ya dube ta. "Bijimin ko mai allurar? Ban san wanda ya fi haɗari ba."

Ba ta yi niyyar dariya ba, amma ta kufce mata.

Aikin kwana biyu ya kai mako guda. A nan ta ba shi labarin Maraya, bijimin da uwarsa ta mutu wajen haihuwarsa, Baba ya shayar da shi da kwalba.

"Tunkuyi halittarsa ce, ba wanda ya koya masa," in ji ta. "Amma wanda zai tunkuya, wannan koya ya yi. Ya tashi cikin mutane, yana mana kallon 'yan'uwansa, shi ya sa yake son gwada ƙarfi da mu. Ga Manajan gonar nan kullum yana jibgarsa da bututun ƙarfe."

Bayan ya gama aikin sai saƙo ya shigo wayarta: "Likitata, yau sau biyu na ƙona yatsa ina tunaninki. Akwai allurar wannan ciwon?"

Ta amsa: "Babu. Ka zo ka ga Baba, shi ne maganin."

Da ya zo, Baba bai ko bari ya zauna ba. Manaja, wanda ya daɗe yana neman aurenta tana ƙi, ya riga ya kai rahoto: uban mai walda yana gidan yari, matarsa ya doka har ta mutu.

"Jini ne," Baba ya ce mata. "Shekara talatin ina kiwo, ban taɓa ganin mugun bijimi ya haifi salihi ba. Ba zan kai 'yata inda za a dawo min da gawarta ba."

"Baba, uwar Maraya fa? Kai da bakinka ka ce ba a yi saniya mai sanyinta ba."

"Rufe min baki! Don na kai ki makaranta za ki koya min shanu?"

Ba ta sunkuyar da kai ba.

Bayan kwana goma, tana duba wani ɗan maraƙi, Maraya ya fito. Ya ɗaga ta sama ya maka ta da bango, hannunta na hagu ya karye. Manaja ya rantse waldar ce ta ɓalle. Mako uku tana fama da filasta, ba wanda ya ga hawayenta, kuma ba ta amsa saƙon mai walda ko ɗaya ba, don ita ma ta yarda sakacinsa ne.

Ranar da ta iya fita, ta je ta duba ƙofar da kanta. A tsaye a wurin ta rubuta masa: "Tartsatsina, waldarka tana nan daram, sakata aka bari a buɗe. Na zalunce ka, ka yafe min. Gobe ka zo ka nuna wa Baba."

Ya zo da gudumarsa a hannu don ya gwada ƙarfin ƙofar a gaban kowa. Manaja ya tare shi da bututu.

"Ɗan mai kisan kai, me ka dawo ƙarasawa?"

Ya sauke wa mai walda bututun a kafaɗa, ya ƙara masa a goshi. Jini ya rufe masa ido. Ta ga yatsunsa sun damƙe ƙotar gudumar. Sai ya sunkuya, ya ajiye ta a ƙasa, ya miƙe hannu biyu wayam.

Ihu da ganin bututun suka haukata Maraya, ya shiga dukan ƙarafan garke. Baba ya buɗe ƙofa ya shiga.

"Baba, kar ka shiga!"

"Ɗana ne, ya san ni."

Bijimin ya kifar da shi, ya danne masa ƙirji da goshi yana murza shi cikin taɓo. Manaja ya yar da bututun ya haye katanga. Mai walda ya kai hannu zai ɗauka.

"Kar ka doke shi!" ta ƙwala masa. "Bokitin dusa! Da ƙararsa ake kiransa cin abinci!"

Ya tsallaka ciki yana buga bokitin da dutse. Maraya ya ɗago kai ya juya. Ita kuwa ta kwanta rub da ciki, ta kama wuyan rigar Baba da hannu ɗaya, ta ja shi ta ƙasan ƙarafa, karyayyen hannun na zugi har cikin kai. Mai walda ya jefar da bokitin ya kama shinge, amma kafin ya haye ƙaho ya tsaga masa cinya.

A asibiti gadon Baba da na mai walda na kusa da juna, ita tana zaune a tsakani. Sai rana ta uku Baba ya yi masa magana.

"Guduma na hannunka. Me ya hana ka ramawa?"

"Baba, zuciyar ta taso, ba zan ɓoye maka ba. Tana tasowa kamar ta kowa, wataƙila ma fiye. Amma ina shekara tara na ga abin da hannu yake yi, a gabana aka yi. Kakata ce ta raine ni, duk lokacin da na fusata sai ta ce in ajiye abin da ke hannuna tukuna. Har yau shi nake yi."

Baba ya ce, "Ni da so na lalata Marayana."

"Manaja ya ƙarasa da bututu," ta ce.

"Ke dai ba a cin ki da baki." Ya juyo da ƙyar, haƙarƙarinsa uku a karye. "Yaro, za ka iya da ita?"

"Na iya da Maraya ma, Baba."

"Allah Ya shirye ku ku duka," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi.

An sallami Manaja. Maraya kuwa dole aka miƙa shi ga mahauta, don ta ce ba zai taɓa daina ganin mutum a matsayin abokin karo ba. Ranar Baba ya kulle kansa a ɗaki, ya yi kuka kamar ya rasa ɗa.

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure, ango na ɗingishi, surukinsa na dogara sanda. Da za ta tafi gidanta, Baba ya dafa kanta, ya dafa kafaɗar mijinta.

"Na ba ka ita ba ni da sauran tsoro a raina. Allah Ya sanya albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai tausayi."

Duk gidan suka amsa da amin.